Kunyoyin da Aka Hana Maman Sam Ta Ciyar

Duk wanda ya zauna a Kamazou kafin gidaje su cinye ta ya san Maman Sam, in ma bai san fuskarta ba to ya ci alayyahunta. Sunanta na baftisma Juliana, amma rabon da in ji an kira ta da shi tun ranar jana'izar mijinta, da fasto ya karanto shi daga takarda. Ni sunana Comfort, malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma ni ce sakatariyar Zumuntar Mata ta cocinmu, ba don na fi kowa ibada ba, sai don rubutuna ne kaɗai ake iya karantawa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Saboda haka abin da zan ba ku ba a kasuwa na tsinto shi ba, kuma in kun ji muryata ta ɗaga a wani wuri ku yi mini haƙuri, har yau abin bai sake ni ba.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa aka kawo ta Kaduna tana amarya, a zamanin da masaƙun Kakuri ke busa jiniya sau uku a rana. Mijinta Shekari a sashen rini yake, ko wace atamfa ake bugawa a makon sai ka ga launinta a hannunsa. Da masaƙarsu ta rufe sai ya zauna jiran a sake buɗewa. Duk ranar Litinin sai ya goge takalminsa na aiki ya ajiye a bakin ƙofa, haka ya yi ta yi har Allah ya ɗauke shi. Ya bar mata 'ya'ya huɗu nasu, da biyu na ƙaninsa da ya riga shi tafiya, da ɗan gida mai ɗaki biyu da suka gina a Kamazou tun tana daji.

Gonar da ta riƙe yaran nan shida ba tata ba ce. Ta Oga Boniface ce, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Tasha, wanda ya sayi fuloti biyu a bakin rafi ya ajiye. A garin nan kuwa filin da ba a ganin mutum a cikinsa ba ya daɗewa na mutum ɗaya, sai ka wayi gari ka tarar an sayar wa mutum uku, kowa da takardarsa da hatimi. Maganin abin shi ne ka ba wani ya riƙa nomawa, ya zama maigadin da ba a biya. Haka Boniface ya yi. Ya ce mata, "Mama, ki noma abinki. Ranar da na tashi gini zan zo in faɗa miki da bakina." Ita kuma duk kaka ta kai masa sabuwar masara, ta kai wa matarsa Obiageli ganyen ugu. Shekara ashirin suna haka, kuma shekara ashirin duk lokacin da ta hango motarsa ta nufo rafi sai gabanta ya faɗi.

Lokacin da ta karɓi filin, jar ƙasa ce mai tsakuwa, wadda ko ciyawar tofa sai ta yi shawara kafin ta fito. Ba ta da halin buhun takin zamani, sai ta koma ga abin da ta ga kakarta na yi. Ta haƙa rami a gefen gona. Ta bi masu kiwon kaji na Narayi tana share musu kejin kyauta don ta kwashi kashin, ta bi masu tuyar ƙosai tana kwashe toka, ta haɗa da ɓawon gyaɗa da ganyen da ya zube, ta rufe ya ruɓe. Ƙwari kuma ta jiƙa musu ganyen dogon yaro da barkono ta yayyafa. Shekara bi shekara ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, kana caka fartanya sai tana, tsutsar nan ta ƙasa, ta biyo. A duk tsawon lokacin nan Maman Sam ba ta san abin da take yi yana da suna da Turanci ba, ita a wurinta talauci ne kawai.

Sai shekara uku da suka wuce, wata farar a-kori-kura mai tambarin wata jami'a ta tsaya a bakin gonar. Wanda ya fito daga ciki shi ne Dakta Elisha, dogo, mai fara'a, mai yawan cewa "Mama" tun kafin ya san sunan mutum. Ba mugu ba ne. Ina faɗin haka tun yanzu don kada a ce tsanarsa na yi.

Ashe gwamnati ce ta ware kuɗi a wani asusu a Abuja, ta ce jami'o'i su binciko yadda za a yi noma ba tare da sinadari ba. Nan da nan duk malaman da suka tsufa suna koya mana cewa toka ƙauyanci ce suka gano cewa toka ilimi ce. Dakta Elisha ya haɗa wani takin ruwa a ɗakin gwajinsa, ya zuba a jarkoki masu ruwan ɗorawa, ya raɗa masa wani dogon suna da lamba bakwai a ƙarshe. Sharaɗin masu ba da kuɗin shi ne a gwada abin a gonar manomi na gaske. In mace ce ya fi, in gwauruwa ce kuma to an dace, don akwai gurbin kowanne a fom ɗin. Maman Sam ita kaɗai ta cike gurbi uku, har Dakta sai da ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah.

Ya je ya sami Boniface suka yi takarda. Jami'a za ta yi gwaji a filin damina ɗaya, in sakamako ya yi kyau masu kuɗi za su sabunta aikin na shekara biyar. Boniface bai yi musu ba, don allon gwamnati a fili ya fi kare goma gadi. Amma ya biyo ya gaya mata gaskiya a gabana: "Mama, in sun sabunta, ku ci gaba, ba ni da matsala. In ba su sabunta ba, bulo na nan na riga na buga, yara sun girma, Obiageli ta gaji da gidan haya." Wato dai gonar Maman Sam ta koma rataye a wuyan jarkokin Dakta.

Kafin a taɓa ƙasa sai da aka yi taron bita, don ba a fara aikin gwamnati da fartanya. Aka kwashe mu mata arba'in zuwa wani otal, kwana biyu, aka raba mana riga da hula masu hoton ganye. Wani bature a majigi ya nuna mana cewa kashin kaji yana da amfani ga ƙasa, aka tafa. Wani farfesa ya yi awa ɗaya yana bayanin cewa tsutsar tana abokiyar manomi ce, aka sake tafawa. Sanyin na'ura ya kwashe Maman Sam da barci tun kafin shinkafa ta iso. Da ta farka ta taɓa ni ta ce, "Malama, sun fara maganar noman?" Na ce mata sun gama.

Da ruwa ya sauka Dakta ya zo da turaku da igiya ya raba gonar gida biyu. Kunyoyin dama, na wajen rafi, su ne za a riƙa ba takinsa, murfin jarka uku a bokiti duk mako biyu, ya kafa musu ƙaramin allo mai sunan takin. Kunyoyin hagu, na kan tudu inda ƙasar ta fi rauni tun asali, ya kafa musu ƙaramin allo da aka rubuta "kwantirol". Ko da gangan ya zaɓa musu tudun ko ba da gangan ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Ya ce masarar da za a shuka a nan ba za a ba ta komai ba, ko toka cikin cokali.

Maman Sam ta ce, "Su kuma me suka yi?"

"Ba abin da suka yi, Mama. Da su ne za a gane bambanci. In ba a bar wasu haka ba, ta yaya za a san takin yana aiki?"

"Wato za su tsaya suna kallo ana ba 'yan'uwansu."

Dakta ya ƙyalƙyale da dariya, har ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta maganar, ya ce za ta yi daɗi a jawabi. Ya sauke mata jarkoki, aka kafa babban allo a bakin hanya mai ɗauke da tambari huɗu, aka ɗauki hoto. Bayan mako biyu malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka kulle farar motar a gareji, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba sai bayan wata biyu da rabi.

Ita dai ta riƙe amana. Duk mako biyu ta auna murfi uku ta zuba wa kunyoyin dama, ba ƙari ba ragi, suka taso daidai gwargwado, ba yabo ba fallasa. Na hagu kuwa suka tsaya iya gwiwa, ganyensu ya fara yin rawaya daga ƙasa. Na lura ta daina bin hanyar tudu in za ta gona, sai ta zagaya ta bakin rafi ko da akwai caɓi. Na lura kuma ta rage cin abinci.

Wata Talata da safe na fito shanya sai na gan ta da kwando a ka, ta nufi tudu. Ban bukaci a gaya mini abin da ke ciki ba, hancina ya riga ya gaya mini. Na bi ta na ce, "Maman Sam, ba ki ji abin da Dakta ya ce ba?"

"Na ji, Malama. Mako uku ina kauce musu don kada mu haɗa ido."

"To ai bincike ne, ba mugunta ba ce."

Ta sauke kwandon ta zauna a kan kunya. A nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Uwarta ta rasu tana shekara shida, aka kai ta gidan kawunta. Matar kawun ba muguwa ba ce, in ji ta, lissafi ne kawai da ita. Shekarar da acca ba ta yi ba, in an sauke fate sai a fara zuba wa 'ya'yan gida, ita ta riƙe ƙoƙonta ta tsaya a gefe har a ga abin da ya rage a tukunya. Wani lokaci ya rage, wani lokaci bai rage ba. Ta ce, "Yunwar ba ta dame ni ba, Malama, na manta da ita. Tsayuwar nan ce ban manta ba." Ta ce shi ya sa da ta riƙi yara shida a tire ɗaya take zuba musu, har suka girma maƙwabta ba su san wane ne nata wane ne na ƙanin miji ba.

Ta nuna kunyoyin dama da haɓa ta ce, "Waɗancan suna da uba, ga jarkokinsa can. Waɗannan fa?"

Ni da na je in hana ta, ni na ƙare da riƙe mata kwandon tana ɗiba tana zubawa a gindin kowace masara. Ina da hannu a ɓata binciken gwamnati, kuma ga shi na rubuta da hannuna.

Da aka janye yajin aiki Dakta ya iso a gurguje, saura kwana huɗu baƙi daga Abuja su zo ganin sakamako. Yana sauka daga mota ya hango masara kore shar ta fi shi tsawo, kowace da goyo bibbiyu, ya buɗe hannu baki har kunne. Sai da ya matso ya karanta ƙaramin allon da ke gabanta. Ya juya ya dubi nasa gefen, wanda da ƙyar ya kai masa ƙirji. Ya sake karanta allon. Bai tambayi komai ba Maman Sam ta gaya masa duk abin da ta yi, har da ranar da ta fara da yawan kwandunan.

Mutumin nan ya zauna daɓas a kan kunya da wandonsa na ofis. Ya ce, "Mama, kin kashe ni. Kin san abin da takarda za ta ce? Za ta ce takina ya sha kaye a hannun ba-komai." Tausayinsa ya kama ni. Shekara huɗu ya yi yana haɗa abin nan, ɗalibansa uku da shi za su kammala karatu, ƙarin girmansa ma a kansa ya rataya. Can sai ya miƙe ya karkaɗe wando. Ya je ya tuge ƙananan allunan biyu ya musanya musu wuri. Aikin bai kai minti ɗaya ba, kuma shi ne aikin hannu na farko da na ga ya yi a gonar.

Ya ce, "Allo ne kawai, Mama. Ranar taro za a kawo ki nan, ki ce wannan gefen takin Dakta ne. Malama Comfort za ta fassara wa baƙi. In aka sabunta, gonar nan taki ce shekara biyar, Oga Boniface ba zai kawo ko bulo ɗaya ba."

Ta ɗauki fartanyarta ta nufi gida. Da yamma na same ta a tsakar gida tana ɓare wake, na zauna na yi ta kawo mata hujja. Ni, sakatariyar Zumuntar Mata, mai karanta Littafi a gaban jama'a, ni na ce mata ai ba sai ta yi magana ba, ta yi nuni da hannu kawai, sauran ta bar mini. Na tuna mata shekarunta sittin da biyu, na tuna mata ɗanta Sam har yanzu bai sami aikin kirki ba, na tambaye ta ina za ta sami wata gona a Kamazou ta yau, inda ko wurin shanya ya zama shago. Ta yi ta ɓare wakenta. Da na gaji na tashi, sai ta ce in gaida yara.

Ranar taro an kafa kanofi biyu a bakin gona, an jera kujerun roba. Matan Zumunta suka zo da tulu da caki na kiɗa, rigar taron bita a sama, zanen zumunta a ƙasa. Boniface ya zauna a layin gaba da jar hularsa. Babbar baƙuwa wata Madam Hadassah ce daga asusun Abuja, mai takalmi mai tsini da ke nutsewa a ƙasa duk taku, wani na biye da ita da laima. Aka yi addu'a iri biyu, aka yi jawabi bakwai. Dakta a nasa jawabin har ya kawo maganar nan ta masarar da ke kallon 'yan'uwanta, aka yi dariya. Sannan aka ɗunguma zuwa gindin koriyar masarar, aka miƙa mini makirfo, aka tsayar da Maman Sam kusa da allon da aka musanya.

Har zuwa lokacin ina jin za ta bi shawarata, don na ga hannunta ya fara ɗagawa. Sai wata murya ta fito daga cikin mata. Vicky ce, wata matashiyar gwauruwa daga Narayi mai 'ya'ya uku, wadda Maman Sam da kanta ta koya wa haƙa ramin taki shekara guda kafin nan. Tana kallon goyon masarar ta ce da ƙarfi, "Kai! Ashe wahalar banza muke sha da kwandon toka. Ni gobe zan cike ramina, a nuna mini inda ake samun jarkar nan." Mata biyu uku suka ce su ma haka.

Hannun Maman Sam ya koma ƙasa. Ta ce da Hausa, a hankali, "Wannan gefen ba na Dakta ba ne. Ni na ciyar da su, da toka da kashin kaji. Nasa ga shi can wajen rafi."

Madam Hadassah ta dube ni tana murmushi tana jiran fassara. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, na buɗe baki na ce da Turanci wai Mama tana miƙa godiyarta ga gwamnati da jami'a. Maman Sam ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a idonta ba. Ta karɓe makirfon daga hannuna. Matar da ta yi shekara ashirin tana ciniki a kasuwar Sabon Tasha ba ta bukatar tafinta in ta tashi faɗin gaskiya.

Ta ce, "Madam, na me feed this side. Na ash and fowl shit. Dokta own dey there."

Ta miƙa mini makirfon, ta tuge ƙaramin allon, ta ratsa kunyoyi da shi a kafaɗa ta mayar wurinsa na asali, ta ɗauko ɗayan ta dawo da shi. Kowa na tsaye yana kallo. Dakta ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin wuyan rigarsa. Ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don a duk wurin ni ce na fi kowa kunya, ba shi ba.

Sai Madam Hadassah ta fara tafi. Ta ce wannan shi ne ainihin abin da asusu yake nema, ilimin gargajiya na mata, kuma a bana ma shi manyan masu ba da tallafi suke tambaya. Ta rungume Maman Sam, aka yi ta ɗaukar hoto. Ta sa aka kai ta bakin ramin taki, ta toshe hanci da hankici tana tambaya, ɗaliban Dakta suna rubutawa: toka kwando nawa, kashi kwando nawa, wata nawa a rufe. Dakta ya farfaɗo nan take, ya shiga bayani da Turanci cewa dama tun farko yana zargin haka. Boniface ya zo ya kama hannunta da hannu biyu. Muka koma gida da tulu da caki muna waƙa, ina gaya wa kowa cewa gaskiya ta yi halinta, kamar ba ni ce na yi ƙoƙarin danne ta ba.

Bayan wata biyar labari ya zo. An sabunta aikin, har ma an faɗaɗa shi, yanzu sunansa binciken takin gargajiya na mata manoma. Sai dai an mayar da shi gonar jami'a, cikin shinge, inda ba macen da za ta shiga. Dalili kuwa yana cikin rahoton da Dakta ya kawo da kansa, wanda a lokacin ya zama Farfesa. Na karanta shi daga bango zuwa bango. Haɗin takinta yana nan dalla-dalla a shafi uku, an raɗa masa sabon suna da lamba takwas a ƙarshe. Sunanta kuwa babu, sai "manomiya ta ɗaya, mace". Sau ɗaya kawai aka sake ambaton ta, a babin matsaloli, inda aka ce gwaji a gonar manomi ba shi da tabbas saboda manomi yana tsoma hannu. Ya kawo mata takardar yabo a cikin gilashi. Ta karɓa da hannu biyu, ta ba shi ruwa ya sha.

Ranar da aka yi shekara ashirin ana tsoro ta zo a cikin makon Ista. Boniface ya zo da Obiageli, da burodi da katan ɗin lemo, ya kasa zama sai da aka matsa masa. Ya ce, "Mama, no vex. Na jira iya jira." Ta ce, "Ka jira, ɗana, ka jira fiye da yadda ɗan'uwa zai jira. Allah ya sa albarka a ginin." Obiageli ce ta yi kukan, Maman Sam ke rarrashin ta.

Abin da ya ƙona mini rai ya zo ne ranar da aka fara haƙa harsashi. Injiniyan ginin ya caka shebur, ya damƙi ƙasar ya murza, ya yamutsa fuska. Ya ce wannan baƙar ƙasa ba ta riƙe gini, ta yi laushi da yawa, sai an kwashe ta har zurfin gwiwa a kai ga jar ƙasar da ke ƙarƙashi. Ya ce a kira tifa ta je ta zubar a kwazazzabon bayan gari. Maman Sam na tsaye a wurin da fartanyarta, ta zo tuge ragowar gautanta. Ta ji shi sarai. Kwandon toka da na kashin kaji na shekara ashirin, da ta ɗauko a kanta tun daga Narayi, shi ake neman inda za a zubar.

Ba ta yi kuka ba. Ta matsa kusa da Boniface ta ce, "Ɗana, in zubarwa za a yi, a ba ni."

Kwana uku matan Zumunta suna jigila da buhu da baho. Ni ma na ɗauka, da wannan bayan nawa mai ciwo, kuma ban yi ƙorafi ba don na san bashin kunya nake saukewa. Vicky ce ta fi kowa sawu, aka kuma ba ta buhu goma ta kai gida, ramin takinta yana nan ba ta cike shi ba. Sauran muka jera a bayan ɗakin Maman Sam, a ɗan lungun da ke tsakanin katangarta da tawa. Babban allon nan mai tambari huɗu ba wanda ya zo ɗauka, shi ne yanzu ƙofar kejin kajinta.

Yau in ka leƙa ta katangata za ka ga buhuna a jere, alayyahu da ugu da gauta suna fitowa daga bakinsu. Ba ya kai kasuwa, iyakarsa tukunyarta da tawa. Inda gonar take kuwa bene ne mai hawa ɗaya, an shafe tsakar gidan da siminti. Kullum da safe tana ba buhunan ruwa, kuma na lura in yau ta fara daga wajen keji, gobe sai ta fara daga wajen katanga, don kada wani ya zama shi ne na ƙarshe kullum.

A watan jiya Farfesa Elisha ya aiko da wasiƙa ta hannuna. Wai an buɗe sabon tallafi na binciken noma cikin buhu a birane, kuma ya tuna da Mama. Buhu arba'in kawai yake bukata, ashirin a ba su taki, ashirin a bar su haka. Na karanta mata tana tsugune tana cire ciyawa daga bakin wani buhu. Na ce to me zan rubuta masa?

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki gaishe shi, Malama, ki tambayi iyalinsa. Ki ce masa buhunan nan duka suna da uwa."

A wannan karon abin da ta faɗa shi na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba.